Kafin ka tura labarin nan

A wani zama da 'yan jarida da masu rubutu a Facebook suka yi a Kano, maganar da aka fi daɗewa a kanta ita ce gaggawa. A da sai an jira labaran Rediyon Kano ko Freedom, ko a sayi Triumph ko Aminiya. Yanzu kuwa kafin motar kashe gobara ta isa Kantin Kwari, bidiyon ya gama zaga WhatsApp.

Waɗanda suka daɗe a aikin sun ce in hoto ya zo maka, ka tsaya ka duba allon shago da lambar Adaidaita Sahu, ka ga kayan jikin mutane na zafi ne ko na hunturu, sannan ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa tsohon hoto ne na wani gari. Saƙon murya marar suna kuwa jita-jita ne, har sai ka kira wanda abin ya shafa. A ganina nan aka fi sakaci, musamman kan labarin rasuwa da rikicin addini, inda kuskure ɗaya kan jawo asarar rai.

An taɓo kuɗi ma. Talla ta koma intanet, don haka ya kamata wanda aka biya ya yabi ɗan siyasa ya fito fili ya ce talla ce. An kuma tunatar da matasa cewa dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta kai mutane kotu saboda rubutu, don haka a riƙe hujja kafin a wallafa zargi.