Ƙanena ya je kwasar mai wurin motar da ta kife, kuma alfahari yake yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan ƙanena, ɗan shekara 22, mai sana'ar kabu-kabu a nan Tawa. Makon jiya wata motar dakon mai ta kife a hanyar Ƙonni, kuma labari na isa tasharsu sai ya ɗaure bido biyu a bayan moto ya nufi wurin. Bayan isha'i ya dawo, wandonsa jiƙe sharkaf da esansi har gwiwa, ya dire bidunan a tsakar gida, taki kaɗan daga murhun da Inna take tuƙa tuwo. Da na yi masa faɗa sai ya ce rabo ne Allah ya kawo, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba wuta ba ta cinsa. Abokansa suna yi masa kirari, ni kuma na zama matsoraci a bakinsu. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a gidan, amma maganata ba ta shiga kunnensa. Yaya zan ɓullo masa?

Wani tsohon direba daga Ƙonni:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tambaye shi ko ya san abin da ya faru a Yamai cikin watan Mayu na 2019, daren da motar mai ta faɗi kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, jama'a suka yi mata caa da bokitai da bidoji, wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka mutu nan take, wasu kuma suka cika daga baya a asibiti. Irin haka ya sake faruwa a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, aka rasa sama da mutum 150. Abin da yaran nan ba su gane ba shi ne, tururin man ne yake kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka yakan bi ƙasa ya malala nesa da inda motar take. Tartsatsi ɗaya daga moton da aka tayar, ko guntun sigari, ya isa. Shi da ya je da moto, ai da ashanarsa ya je. Kafin komai, ka fitar da bidunan nan daga gidan yau, kuma ku sani ruwa ba ya kashe wutar mai, yashi ake zubawa.

Wata ma'aikaciyar jinya a Yamai:
Yayana, samari ba sa tsoron mutuwa, don a ganinsu ta wasu ce. Ka yi masa maganar ƙuna. Na sha wanke mai ƙuna ana ɓamɓare bandejin da ya manne da nama, kullum safiya, wata da watanni, wani kuma ya tashi yatsunsa sun ƙanƙance ba ya iya riƙe kan moto, balle ya nemi na abinci. Kuɗin jinyar kuma a wuyanka da na Inna zai faɗa.

Wani malamin makarantar allo:
Maganar kwana da yake kafa hujja da ita gurguwar fahimta ce. Aya ta 195 cikin Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa, kuma Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ban da haka, man nan yana da mai shi. Dukiyar wanda hatsari ya rutsa da shi ba tsintuwa ba ce.

Wani ɗan ci-rani daga Abijan:
Ni ban yarda wauta ce zalla ba. Yaron da yake biyan mai moto balas kullum yamma, ko ya samu ko bai samu ba, jaka goma a idonsa dukiya ce. Idan ka ci gaba da tsawata masa gaban abokansa, taurin kai zai ƙara. Ka kira shi ku biyu, ka ji nawa ake bin sa, kuma ka sa kawunku ya yi masa nasiha, tun da taka ba ta ratsa shi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba direba, na fitar da bidunan tun da asuba. Gaskiya ban taɓa tambayarsa nawa yake biya a yini ba, kuma na ji kunyar hakan. Kawunmu yana Ilela, zai shigo Tawa ran Lahadi cin kasuwa, zan tare shi a tasha kafin ya iso gida.