Adalcin zamantakewa: abin da muka karanta a aji da abin da muka tarar a wurin horon aiki

Ɗaliba a ajin ƙarshe:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka riga mu yin horon aiki su ba mu labarin yadda suka ga adalcin zamantakewa a aikace. An karantar da mu ma'anar aikin walwalar jama'a da ƙungiyoyin IFSW da IASSW, wato ƙungiyar ma'aikatan wannan sana'a ta duniya da ta makarantun koyar da ita, suka amince da ita a birnin Melbourne na Ostireliya a 2014, wadda ta sanya adalci da haƙƙin ɗan'adam cikin ginshiƙan sana'ar, amma a ofishin da aka tura ni cike fom kawai nake yi daga safe har a tashi.

Ma'aikaciya a sashen tallafin iyali:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki raina fom ɗin nan, domin a jikinsa na fara ganin rashin adalci da idona. Wata dattijuwa mai riƙon jikoki marayu ta zo neman tallafi, aka ce sai ta kawo takardar haihuwar kowane yaro da shaidar rasuwar iyayensu, alhali ba ta da ko ɗaya, kuma ba ta da kuɗin motar zuwa nemo su. Ba wanda ya ɗaga mata murya, har kujera aka ba ta, sai dai ƙa'idar ce ta rufe mata ƙofa. Mai kula da horona ta sa na riƙa rubuta duk wanda aka mayar saboda takarda, muka kai wa shugabanni rahoton, daga bisani aka yarda a karɓi shaidar waɗanda suka san iyalin.

Malami mai koyar da darasin:
Irin wannan aikin ne jarrabawarmu ba ta aunawa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ina yawan tuna wa ɗalibaina cewa mazauna Hull House, gidan hidimar al'umma da Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe a birnin Chicago na Amurka a 1889, sun haɗa taimakon baƙin haure da matsa wa jihar Illinois lamba, har ta yi dokar 1893 da ta taƙaita aikin yara a masana'antu.

Tsohon ɗalibi:
Malam, ni da keken guragu nake tafiya, kuma ajin da aka koya mana wannan darasi a bene yake, abokaina ne suke ɗaga ni. Sai da muka rubuta takardar koke, duk ajin ya sa hannu, kafin aka sauko da darasin ƙasa.