Dogon hutu ya matso, me za mu shirya a laburaren ƙauyenmu?

Mai tambaya: Salam jama'a. Ni ke kula da ɗan laburaren ƙauyenmu, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta biyu, bara har hutu ya ƙare ko leƙowa yara ba su yi ba. Don Allah me zan shirya bana?

Wata malama: Wa alaikis salam 'yar uwa. Ki fito da littattafan waje ƙarƙashin bishiya da yamma in rana ta yi sanyi, ki rinƙa karanta musu labari, amma ki tsaya daidai inda ya fi daɗi ki ce sai gobe, wallahi da kansu za su dawo har da ƙannensu a goye. Ki ba kowa kati, in ya gama littafi ki buga masa tambari, yara na mutuwar son wannan.

Wani dattijo: Kar a manta da mu fa. Rana ɗaya a sati matasa su koya mana waya, ni har yau jikata ke tura min saƙo.

Mai tambaya: Hhh Baba an gama, Laraba taku ce. Malama katin nan kwali zan yanka ko?