Matiris ɗin nan ya ƙi zama dayagonal

Ɗan Agege: Salam 'yan uwa. Tun cikin danfo daga Yaba nake fama da matiris (jadawalin lambobi) mai layin farko 2, 1, na biyu 0, 2. Na kasa mayar da shi dayagonal, wato ya zama duk lambobinsa sifili ne ban da na layin da ya tashi daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Ina na kuskure?

Malamin Lissafi: Ɗalibi, ba ka kuskure ba. Aigenbekta shi ne jerin lambobin da matiris ke ninkawa kawai da wata lamba, ita lambar kuma ita ce aigenbalu. Aigenbalu 2 ya fito sau biyu, amma aigenbekta mai zaman kansa ɗaya tal gare shi, don haka ba zai yiwu ba. Matiris ɗin naka yana siffar Jordan ma tuni, wato siffa mafi kusa da dayagonal, wadda Camille Jordan na Faransa ya fitar a 1870. Lambar 1 ɗin nan ta sama ba ta goguwa.

'Yar Idi-Araba: Malam, in aigenbalu ba lambar zahiri ba ce fa, wato ba irin lambobin da ke kan layin lamba ba?

Malamin Lissafi: Sai siffar Frobenius, wata hanyar sauƙaƙa matiris, ita ba ta buƙatar aigenbalu.