Na harbi mazo ya tafi da raunin: bindigar ce ko hannuna?

Jikan Maharbi:

Assalamu alaikum. Ina gaida manya, musamman waɗanda suka ga jiya suka ga yau a harkar dawa.

Ni mai walda ne a Fanteka cikin garin Kaduna, ina zaune a Rigachikun, amma gonarmu ta gado tana can wajen Soba, a gefen wani rafi mai duhuwa. Kakana maharbi ne. Da ya rasu shekara 4 da suka wuce, ni aka ba bindigarsa ta toka, da ƙahon albarushi, da warki, da kan burtun da yake ɗaurawa a goshi don namun daji su ɗauka tsuntsu ne. Ina yaro na sha bin sa ina riƙe masa gora, amma bai taɓa bari na taɓa kunamar ba.

Bana gada ta addabi wakenmu, ta bi ta tsinke kan ganyen tun yana fure. Da aka gama girbi na ce bari in neme ta. Na fita sau uku a watan Disamba. Biyun farko sawu kawai na gani da kashinta ƙanana, sau ɗaya kuma na ji ta busa hanci ta faɗa cikin gamba, ban ko ga wutsiyarta ba. Rana ta uku, dab da magariba, ina laɓe a gindin wani ɓaure, sai ga mazo namiji ya fito daga duhuwar, ƙahonsa a murɗe, da fararen ɗige a kuturinsa. Tsakaninmu zai kai taki 50. Hannuna na rawa na saki. Ya yi tsalle, ya gantsare, ya koma inda ya fito. Na tarar da jini a ganye, baƙi-baƙi, da wani ruwa kore mai wari. Nan take na kunna tocila na bi shi. Sau biyu ina jin ya tashi a gabana yana karya ƙirare, har dare ya rufe na haƙura. Da safe na yi ta yawo ban gan shi ba. Bayan kwana 2 wani yaron Fulani ya nuna mini inda ungulu ke sauka. Na same shi ya kumbura, can nesa da rafin.

Wallahi abin nan ya tsaya mini a rai. Dabba kamar wannan ta yi kwana tana shan azaba a hannuna, ni ban ci ba, iyalina ba su ci ba.

Abokaina sun ce bindigar ce ta tsufa, in nemi mai baki biyu da fitilar goshi in riƙa fita da dare. Wasu sun ce kare nake buƙata. Ni kuma na lura da wani ɗan tsagi kusa da gindin bututun, ina tunanin in ɗiga masa walda tunda sana'ata ce. Me kuke gani? Sannan ga malamai: da na same shi washegari da safe a mace, ya halatta in ci?

Tsoho Na Kauru:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na haura shekara 40 ina shiga dawa, tun lokacin da ake ganin gwanki da kanki a ƙasarmu, yanzu kuwa sai labari.

Kafin komai, ajiye bindigar nan. Kada ka sake ɗura ta, kada kuma ka sa mata walda. Wuta tana canza ƙarfen, gefen ɗinkin ya yi gautsi, ranar da za ta fashe a fuskarka za ta fashe. Na san mutum biyu a garinmu da ba su da yatsun hagu saboda wannan. Kai ta wurin maƙerin da ya san bindiga ya duba, in ya ce bututun ya mutu, to ya mutu. Rataye ta ka riƙa tuna kakanka.

Amma ba ita ta ɓatar maka da mazo ba. Taki 50 ya yi wa bindigar toka nisa. Ƙwayoyin suna watsewa, ƙarfinsu ya ragu, inda ka auna daban inda suka sauka daban. Ni ban saki sai na ga ƙiftawar idon dabba, taki 20 ko 25. Kuma ba tsakiyar jiki ake nema ba. Bi ƙafar gaba da ido ka hau, bayan kafaɗa kaɗan, ƙasa-ƙasa, nan huhu da zuciya suke. In ya ba ka baya ko yana tafiya, ƙyale shi, gobe ma rana ce.

Jinin da ka gani ya riga ya gaya maka komai, kai ne ba ka ji yarensa ba. Ja-jawur mai kumfa, huhu ne, ba zai yi nisa ba, ɗan jira kaɗan ka bi. Mai duhu, hanta ce, a ba shi lokaci. Wanda ya zo da koren ruwa da warin tumbi, ciki ka samu, kuma shi ne mafi muni. Irin wannan dabba ba ta son tafiya. Za ta shiga duhuwa mafi kusa ta kwanta, in ba a tashe ta ba jikinta ya sandare a nan. Sau biyun da ka ji ya tashi, kai ne ka kore shi, kowane tashi kuma yana ƙara masa nisa, ga jinin yana raguwa. Da ka karya reshe ka yi alama a inda ya shiga, ka koma ka zauna sa'o'i, da a bakin rafin za ka same shi.

Sannan ka yi wa Allah godiya da bai juyo ba. Mazo ba gada ba ne. Namijinsa in ya ji rauni yakan kwanta ya jira, ya sunkuyar da kai ya taso. Ya farke cikin karnuka da yawa, ya huda cinyar mutane. Ba a bin sa cikin duhuwa da tocila a hannu ɗaya da bindigar da ba ɗuri a ɗayan.

Shi ya sa ni na fi son asuba. Ka harba da hantsi, kana da yini guda na bin sawu. Ka harba da magariba, dare ne abokin tafiyarka.

Gadar da ta busa maka hanci kuwa, ba ganinka ta yi ba, sansano ka ta yi. Ɗinka ɗan ƙunshi na tsumma ka cika da toka mai laushi. Duk taki kaɗan ka kaɗa shi ka ga inda tokar ta bi. Dole iska ta riƙa bugun fuskarka. Da hunturu mutane suna cewa ai daga arewa maso gabas take zuwa, sai su saki jiki. A fili haka ne, amma a bakin rafi tana da nata hali: da yamma in ƙasa ta yi sanyi takan gangara ta bi kwarin, da safe in rana ta ɗaga ta hau tudu. Ka zauna a saman rafi da yamma, warinka ya riga ka isa duhuwar. Kai kuma mai walda ne, kayanka duk fetur da baƙin mai. Ware riga ɗaya ta dawa mai duhu, kada a wanke ta da sabulu mai ƙamshi, a turara ta da hayaƙin itace. Ba turare, ba sigari. Takalmi mai taushin ƙasa, don ganyen hunturu yana da baki.

Gada ba ta da nisan yawo. Inda ka ga tarin kashinta, sabo a kan tsoho, nan ne unguwarta. Nemo bishiyar da ke zubar da 'ya'ya, kanya ko ɓaure ko taura, musamman wadda birai ke hawa, don abin da suka kakkaɓo shi take bi tana tsinta. Je ka zauna tun kafin gari ya waye, ka jingina da wani abu don kada siffarka ta fito. Ƙafa za ta yi maka tsami, ƙudan zuma za su zo neman ruwa a idonka. Zauna.

Fitilar goshi kuwa, ni na yar da tawa. Da dare ido biyu kawai kake gani suna ƙyalli, ba ka san na wa ba ne. Wata shekara na auna wasu idanu a bakin fadama, yatsana na kan kunama, sai na ji tari a bayansu. Ɗan maraƙi ne, da yaron da ke riƙe da igiyarsa, ya ɓata suna komawa ruga. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Mai Karnuka:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake. Amma a ba ni dama in ce wani abu kan kare. Da ɗan'uwan nan yana da horarren kare ko ɗaya, riƙe a igiya, da safiyar nan zai kai shi har inda mazon yake. Ba sakinsa za a yi ya kora ba, hancinsa ake so. Nawa guda 6 ne, kuma wata tsohuwar karya a cikinsu ta fi mini sauran biyar, don ba ta haushi a kan sawu. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kare tun yana kwikwiyo ake fara shi, a yi masa allurar haukan kare, a ciyar da shi har da damina lokacin da ba ya kawo komai.

Abin da ya fi damuna shi ne kana fita kai kaɗai. Zamanin kakanka ya wuce. Yau mutum da bindiga a daji, soja ya gan ka ko 'yan sa-kai ko ɓarayin daji, kowa da fassarar da zai yi maka. Kowa ya ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan'uwanmu da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal aka kashe saboda an ga bindigogin toka a motarsu. Allah ya jiƙansu. Ka je wurin sarkin dawa na yankinku ka gabatar da kanka, ka shiga ƙungiya ka karɓi kati, mai unguwa ya san da fitarka, ka leƙa rugar da ke kusa ka yi sallama. Bindigar toka ma doka ta ce sai da lasisi daga kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma takardar kakanka ba taka ba ce. Mai baki biyu tata takardar ta fi wuya, daga ofishin Sufeto Janar take fitowa, kuma a 2023 an sanar da dakatar da ba da sababbi. Kada wani ya kawo maka ta bayan fage ka karɓa.

Yammacin jiha, Birnin Gwari da dazukan Chikun da Giwa, da wajen Rijana a hanyar Abuja, mu kanmu da muke fita mota guda ba ma dosa.

Almajirin Zaure:

Game da tambayarka ta ƙarshe. Asalin halaccin farauta yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, tare da sharaɗin ambaton sunan Allah. Ana yin bisimilla lokacin sakin harbi ko sakin kare. In ka riski dabbar da sauran rai, sai ka yanka ta. In ka same ta ta mutu da harbinka, a abin da muka karanta a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ana ci matuƙar ba ta kwana ba ka gan ta ba. Tunda naka zai kwana, a wannan ƙaulin ba za ka ci ba, ko da yake akwai malaman da suka yi sauƙi idan alamar harbinka ce ta kashe shi kuma bai faɗa ruwa ba. A wannan babin ne kuma aka ce farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata kuwa halal. Damuwar da ka ji alama ce mai kyau. Ka yi istigfari, ka kuma zauna da malamin unguwarku ya warware maka sauran.

'Yar Gandun Daji:

Yayana, ni ba maharbiya ba ce, a kwalejin gandun daji ta Afaka na yi karatu, mahaifina kuma ya yi farauta har ƙarfinsa ya ƙare. Roƙo ɗaya nake da shi: ka riƙa duba kai kafin ka harba. Macen mazo ba ta da ƙaho, macen gada ma galibi ba ta da shi, sai ɗan tukku tsakanin kunnuwa. Mazo ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na wajen wata 6, ta ɓoye shi a ciyawa tana zuwa tana ba shi nono. Ka kashe uwar, ka kashe biyu. Baba ya ambaci gwanki da kanki. Barewa ma da ake yi wa karin magana, yara nawa ne a Kaduna suka taɓa ganinta da ido?

Kada kuma ka bari a cinna wa gamba wuta don a fito da nama, ita ke cinye maɓoyarsu da amfanin maƙwabta. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999, farauta a ciki laifi ne ko da tsaro ya dawo. Wake kuwa, shingen ƙaya a gefen da ke kallon rafi yana rage ɓarna sosai. In za ka feɗe nama kuma kana da ciwo a hannu, sa leda ko safar roba, wanda ka tsinta a mace kada ka taɓa.

Jikan Maharbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Baba, na kai bindigar wurin maƙeri. Ya zura waya ya haska ciki, ya ce tsagin ya ratsa, ya fi yadda ake gani daga waje. Tana rataye a ɗakin mahaifiyata yanzu. Na je wurin sarkin dawa, ashe ya san kakana, har ya nuna mini tabon da ya samu ranar da suka fita tare. Ya ce in riƙa bin su ba bindiga har ƙarshen rani, sannan a yi maganar takarda.

Na ɗinka ƙunshin tokar. Asuba huɗu na zauna a gindin wata kanya, hannuna ba komai sai gora. Ta farko da ta biyu iska ta juya mini kamar yadda kuka ce, na tashi na canza gefe. Ta huɗu, gari na fara haske, sai ga ta. Ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta kaɗa kunne, ta ci gaba da tsintar kanya. Na ƙirga bayan ta tafi, taki 14 ne. Ba ƙaho a kanta, cikinta kuma ya sauko.

Akwai wani sawun da ya fi nata girma yana ratsa rafin ta wajen ɓauren, tsagin kofaton ya buɗe a laka. Na ɗauki hotonsa a waya. Baba, in kun yarda, ranar Juma'a mai zuwa zan shigo motar Pambeguwa in ƙaraso Kauru in nuna muku, in kuma zo da kan burtun, don har yanzu ban san yadda ake tafiya da shi ba.