'Yata ta gyara Turancin furojet da ChatGPT: ta faɗa wa malaminta ko ta yi shiru?

Maman Ilham (Agege): Salamu alaikum. 'Yata tana ajin ƙarshe a wata jami'a a nan Legas. Babi na biyu ita ta rubuta da kanta, ChatGPT, na'urar nan mai yi wa mutum rubutu, Turancin kawai ya gyara mata. Yanzu malamin da ke duba ta ya ce duk aikin da manhajar gano rubutun na'ura ta kama, sokakke ne. Ta je ta faɗa masa, ko ta sake rubutawa a ɓoye? Saura mako uku ta kare aikin a gaban kwamitin malamai.

Alhaji Mai Albasa (Mile 12): Hajiya, ki karɓe wayar kawai. Yaran yanzu ba sa son wahala.

Ɗan Idi-Araba: Kada ta kuskura ta faɗa! Ƙanena ko taɓa abin bai yi ba, manhajar ta ce rabin aikinsa na na'ura ne. Ya kai wa malamai littafin da ya yi rubutun farko da biro, har da tabon shayi a bangon, ko buɗewa ba su yi ba. Shekara guda ta tafi, abokansa suka wuce bautar ƙasa, ni na sake biyan haya da kuɗin makaranta. Har yau in aka ce furojet sai ya tashi daga wurin.

Malam Lakcara: Allah ya saka masa. Manhajojin nan ba hujja ba ne. OpenAI da kanta, mai ChatGPT, ta rufe tata manhajar a Yulin 2023 saboda yawan kuskure, Jami'ar Vanderbilt a Amurka ma ta kashe ta kamfanin Turnitin a shekarar. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano manhajojin sun fi zargin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, wato mu. Hajiya, ta kai masa rubutun farko da gyararren tare. Kuma ta duba kowane littafin da ta ambata, domin ChatGPT kan ƙirƙiro sunan marubuci da mujallar da babu su.

Ɗan Idi-Araba: Malam, da girmanka, ku ne masu zama a kwamitin. Shawarar wanda bai biya haya ba daban take.

Ummi Ojo: Ta fara kai shi shagon kwamfuta a duba. Dubu bakwai na biya.

Sani Obalende: Dubu bakwai? A Yaba dubu uku ne.

Ummi Ojo: Na dubu ukun ai na satar rubutu kawai yake nunawa, Yaya Sani.

Baban Gida: Ni dai ChatGPT ya rubuta min saƙon ban-haƙuri ga uwargida, ta gane nan take, ba manhaja ba komai.

Sani Obalende: To su malaman wa ke duba su? Babi na ɗaya na ƙanwata ya kwana wata biyu a tebur, ya dawo da jan biro ɗaya: "sake".

Maman Ilham (Agege): Jama'a, ta faɗa ko kada ta faɗa?

Ummi Ojo: Yaya Sani, naku ma ya dawo. Namu sai da muka sayi handawut ɗinsa tukuna.