Sun ce ban faɗi inda na samo kuɗin hannun jari ba, sun kuma soke kuɗin ruwan banki

Ɗan Adar (Tahoua):

Assalamu alaikum. Ina sayar da siminti, kwano da rodi a nan Tahoua, ina da NIF, wato lambar mai biyan lampo, kwantabul ke rufe min lissafi duk ƙarshen shekara. Masu binciken lampo sun zo sun duba littattafan 2023, yanzu ga takarda ta iso da magana biyu.

A watan Maris na shekarar na ci bashin miliyon 20 na sefa a banki don in yi lodin siminti kafin damina. Kuɗin ruwan da na biya ya kai miliyon 2, muka sa shi cikin kashe-kashen shago. A watan Afrilu kuma na sayi hannun jari na miliyon 12 a kasuwar BRVM, wato kasuwar hannun jari ta ƙasashen yammacin Afirka masu sefa. Sun ce miliyon 12 ɗin ba su ga inda ya fito ba, don haka ciniki ne na ɓoye, za su ƙara shi kan riba. Sun kuma ce da bashin na sayi hannun jarin, saboda haka kuɗin ruwan ba na shago ba ne, sun soke shi.

Gaskiyar magana, miliyon 7 na ƙanena ne da ke ci-rani a Abidjan, kaɗan-kaɗan ya riƙa aikowa. Miliyon 5 kuma shanun gadonmu ne da na sayar a kasuwar Badagishiri. Wa ke ba da rasi a kara? Ku ba ni shawara, in biya ko in ja?

Tsohon Kwantabul (Yamai):

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai duba wa'adin amsa da aka rubuta a jikin takardar. In ya wuce ba ka amsa a rubuce ba, ana ɗauka ka yarda. Zuwa ofis a gaisa a yi bayani da baki ba amsa ba ce.

Ga lissafin abin da ake nema a wurinka. A 2023 ISB, wato lampon riba, kashi 30 cikin 100 ne na riba. A kan miliyon 12, miliyon 3 da jika 600 (dubu 600) ke nan. A kan miliyon 2, jika 600. Jimla miliyon 4 da jika 200, ba a sa tara ba.

Amma ka lura, maganganun nasu biyu ba sa zama inuwa ɗaya. In da bashin banki ka sayi hannun jarin, to an san asalin kuɗin, ba na ɓoye ba ne. In kuma kuɗin ɓoye ne ka saya da shi, to bashin yana cikin siminti, kuɗin ruwansa halak ne a cire shi daga riba. Wannan shi ne farkon abin da zan rubuta in ni ne. Mai bincike yakan jefa duka biyun ne ya ga wanda za ka iya karewa.

Kare kuɗin ruwan shi ne mai sauƙi. Ka karɓo takardar shige da ficen asusunka daga Maris zuwa Mayu, ka jera ta da faktocin simintin da takardun motocin da suka kawo shi. In miliyon 20 ya shiga ranar kaza, ya fita zuwa wurin mai siminti cikin kwanaki kaɗan, an gama. Inda ake samun matsala shi ne in asusu ɗaya ne bashin ya shiga, daga cikinsa kuma aka biya kamfanin dillancin hannun jarin. BRVM ba a sayen komai a cikinta sai ta hannun dillali mai lasisi, wato SGI, kuma su suna riƙe da kwanan watan kowane kuɗi da ya shigo. Don haka ka tambaye su takardarka tun yanzu. Ko da ya tabbata wani kaso na bashin ya bi ta can, kuɗin ruwan wannan kason ne za a soke, ba duka ba.

Tambaya guda: da sunan wa aka buɗe asusun hannun jarin?

Ɗan Adar (Tahoua):

Da sunana, baba. Ƙanen nawa ba ya nan lokacin, muka ce in ya dawo a raba. Kuma i, kuɗin duk ta asusun shago suka bi, don shi kaɗai gare ni.

Hajiya Mai Atamfa (Yamai):

Ɗan'uwa, abin da ya sami maigidana ke nan, shi kuma fili ne ya saya. Abin da ya cece shi rasin aike. In ta kamfanin aike kuɗi na Nita ko Al Izza ƙanenka ke turowa, je ka nemi su fitar maka da jerin aiken da sunanka. Wanda ya ba direban motar albasa ya kawo a hannu kuwa, sai dai ya rubuto takarda a buga mata hatimi a can, amma ba ta kai rasi ƙarfi ba.

Shanu kuma kada ka ce babu shaida. Akwai dillalin da ya sayar, akwai tikitin kasuwa in ka ajiye, akwai takardar rabon gado in alƙali ko liman ya rubuta. Ka tara su duka.

Abu Hafsa:

Ni dai abin da zan ce, bashi da ruwa riba ce irin wadda addini ya hana, Allah ya raba mu da shi. Akwai bankin Musulunci a ƙasar nan da ke sayo maka kayan ya sayar maka da riba sananniya.

Tsohon Kwantabul (Yamai):

Malam Abu Hafsa, amin, sai dai bashin an riga an ci.

Alhaji, tunda ta asusun shago kuɗin suka bi, kwantabul ɗinka ya duba ko ya rubuta su. A tsarin SYSCOHADA, wanda kwantabul ke bi wajen rubuta littattafan shago, akwai asusu mai lamba 104, na mai shago, inda ake sa abin da ka zuba daga aljihunka da abin da ka ɗiba. In miliyon 12 ya shiga nan ya fita nan, hujjarka ta yi ƙarfi. In kuwa ya haɗa shi da cinikin rana ko bai rubuta ba sam, ku zauna ku fitar da kowane zubi da kwanansa, ku liƙa rasinsa a gefe. A ganina miliyon 7 zai tsaya in akwai rasin aike. Miliyon 5 na shanu ne za ku yi ja-in-ja a kansa. Ka kai amsar da kanka, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan naka.